Kwalabe Biyu Daga Mubi

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo, wani dattijo mai gyaran rediyo, tsohon abokin surukina, ya sauka a gidanmu na Yolde Pate. Kowa da ƙunshin tufafinsa ya iso, shi kuwa Baba kwalabe biyu ya zaro daga cikin safa, irin masu haske a cikin rediyon da, wai su bawul. Su kaɗai suka tsira daga shagonsa. Ya ce ko za a zazzage kasuwar Jimeta ba a samun irinsu.

Maigidana malamin makaranta ne mai cutar kwance-kwancen kayan lantarki, sai zuma ta haɗu da madara. Suka haɗa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da kwalaben nan a kan tiren shayina, ba tare da an tambaye ni ba, kuma har yau tiren bai dawo kicin ba. Da rani ta yi ta waƙa lafiya lau. Damina na sauka ta soma halinta: da an kunna sai janareta ya yi nishi, cikin kwalaben ya yi ja wur kamar garwashi, fis ya ƙone. Baba ya yi wuf ya kashe. Ya ce in suka ci gaba da jan wuta haka, mutuwa za su yi. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Suka zargi taransifoma, aka kai shi Jimeta a keke, ya dawo ba shi da laifi. Maigida ya ɗora mita nan, ya ɗora can, yana ta zuba Turanci, daga ƙarshe ya ce a ɗaure fis da waya mai kauri.

Baba ya ce, "Malam, fis yana ihu ne, kai kana so ka toshe bakinshi?"

Ni da ba a kasa da ni ba na ce, "Baba, duk ranar da shanyata ta bushe, abin nan ba ya fushi. Sai ranar da ba ta bushe ba."

Maigida ya tuntsire da dariya. "Yanzu kuma zani ne zai koya mana lantarki?"

Baba bai yi dariya ba. Ya zare filogi, ya kife tiren, ya kwance murfin da ke ƙarƙashin mazaunin kwalaben, wanda tun haɗawa ba a buɗe ba. Gidan zanzaro! Ƙwaron ya manna lakarsa tsakanin wayoyi biyu, in ta sha laima sai wuta ta bi ta cikinta.

Maigida ya ɗauko sukudireba zai farfasa, Baba ya riƙe masa hannu. Ya karɓi wuƙata, ya ɓamɓaro gidan ɗungurungum, ya ɗora a kan taga. Aka goge wurin, aka kunna. Kwalaben suka yi ɗan haskensu na ruwan lemo, janareta bai ce uffan ba. Na rangaɗa guɗa.

Sannan na nuna taga na ce, "Baba, ƙwaron da ya kusa kashe maka kaya kake lallaɓawa?"

Ya ce, "'Yata, wuri mai ɗumi ya samu ya fake. Ni ma ba haka na yi ba?"