Murmushin da Ya Ƙi Zuwa

A tashar Daura, Lubna tana zaune tana jiran motar Zango ta cika, idonta na kan wani dattijo a ƙarshen benci. Rigarsa ta koɗe amma tana da guga, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Ga alama tsohon malamin makaranta ne, irin waɗanda suka fara zane bayan ritaya don rage zaman banza.

Littafi ne a cinyarsa, yana zana fuskar wata mata da fensir. Idanun sun fito kamar za su ƙifta, ɗaurin ɗankwalin ma ya zauna daram. Bakin ne matsala. Ya ja layi, ya tsaya, ya goge, ya hure takardar. Wurin har ya yi baƙi, yana neman hujewa.

"Baba, wace ce wannan?"

"Maiɗakina ce, Maimunatu. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta." Bai ɗago ba. "Hoton katin zaɓe kaɗai ta bari, a nan kuwa ta ɗaure fuska. Ita da ko faɗa take yi, bakinta na dariya. Ina ganinsa a zuciyata, hannun ne ya kasa."

Sai ya ɗago ya dube ta. "'Yata, ɗan yi murmushi in ga yadda gefen bakin yake tafiya."

Lubna ta yi iya ƙoƙarinta. Leɓenta sai rawa yake yi. Dattijon yana riƙe da fensir, yana jira.