Addu'ar da ba a ƙirga ba

Har yau ranar Larabar nan tana raina, rana ta uku ta sitaj ɗina, wato makon da ɗaliban koleji ke yi a wurin aiki don ganin yadda ake yinsa. Ni an kai ni ma'ajiyar takardu a Lyon, ƙarƙashin Madam Odile, mai shirya nuni kan zaɓuɓɓukan tsohon kantonmu, wato mazaɓarmu, da aka soke.

Aikina shi ne jera lalatattun ƙuri'u. Doka ta ce duk ƙuri'ar da aka yi wa rubutu ba a ƙirga ta, sai a liƙa ta da takardar sakamako a adana.

Madam ta zo da ƙuri'u huɗu na zaɓe huɗu, tana rawar jiki. A kowacce an rubuta abu ɗaya da biro kore. Ta ce wani ɗan takara ne na ɓoye, har ta tsara masa allo: "Monsieur Sa'a".

Na karanta: "Allah ya ba da sa'a." Wutsiyar "y" ta lanƙwashe kamar mariƙin lema, irin wadda Baba ke rubutawa a kan takardun makarantata.

Na ce, "Madam, addu'a ce da Hausa."

"Kin san mai rubutun?"

"Ƙuri'a sirri ce, Madam." Ita ta koya mini haka ranar Litinin.

Matsalar tana gida. Baba kan ce tunda ya samu takardun zama ɗan ƙasa, ƙuri'arsa ke raba gardama a garinmu, Rillieux. Kwana biyu ina juya tuwo a faranti kafin na faɗa masa.

Ya ajiye cokali. "Ko ɗaya ba su ƙirga ba?"

"Ko ɗaya, Baba."

Mama ta ce, "Alhaji mai raba gardama!"

Baba ya ce, "Amma sun adana?"

"A kwali mai lamba."

"To, na maƙwabta fa?"

"Masu kyau ana lalata su bayan ƙirga."

Ya ɗauki cokalinsa yana murmushi.

Da zaɓe ya zagayo, na karɓe biron daga hannun Baba a ƙofar zauren zaɓe. Ya shiga bayan labule, sai duk zauren ya ji: "Allah ya ba da sa'a!"

A makon sitaj ɗin nan na koyi cewa a ma'ajiya babu takardar banza, kuma mai aikin kan san fiye da abin da yake rubutawa a allo.