Littattafan da ke akwatin Malam Basiru

Malam Basiru taubashina ne, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa. Malamin gona ne a Makoda, shekara goma sha tara yana wannan aiki. Yana da digiri, amma in ka tambaye shi sai ya ce, "Tausayina suka ji suka ba ni."

Sau uku yana sayen fom ɗin digiri na biyu a Kano, na ma'aikata masu karatun ƙarshen mako. Sau uku yana cike shi tsaf, ya tura ƙarƙashin katifa har ranar rufewa ta wuce. Na farko ya ce aiki ya yi masa yawa. Na biyu ya ce kansa ya yi tsatsa, yara za su yi masa dariya a aji. Na uku kuwa, matarsa Larai ce ta hura wuta da shi. Da ya sayi na huɗu ya rantse min daga shi ba ƙari, tunda shekara arba'in da bakwai ba wasa ba ce. Ni dai haushi yake ba ni, wallahi.

Shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, mai ya yi tsada har Basiru ya jingine babur ya koma keke. Amma ɗalibai ba su fasa zuwa daga birni ba. Su zo da tarin takardun tambayoyi, su jibge masa, su sha fura, su koma. Shi kuma ya bi manoma gida-gida ya cike, ya ba direban bas ya kai musu. Mutum bakwai na sani da suka gama karatu a haka. Ɗaya ya aiko masa da kalanda.

Saura kwana biyar a rufe karɓar fom, ana tsakiyar bazara, sai ga wani ɗalibi, Khalilu. Wai ya zo ƙirga wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye gero da dawa. A bazara fa!

Basiru bai yi dariya ba. Ya kai shi gonar maƙwabcinmu Mati, muka tsaya mu uku muna kallon ƙasa. Ba komai sai tushiyar kara da awaki biyu.

"Malam, ina take?" in ji Khalilu.

"Tana ƙasa. Sai damina ta yi nisa take fitowa."

"Inna lillahi! Wata mai zuwa zan miƙa aikin nan."

Tausayi ya kama Basiru. Ya ja shi gida, ya jawo wani akwatin ƙarfe. Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare, sun fi ashirin. Kowace gona, kowace shekara, ya rubuta inda aka surka wake, inda aka zuba takin gida, da yawan wuta-wutar da ta fito. Ni kaina ban san da su ba.

Khalilu ya buɗe ɗaya, ya buɗe na biyu, sai ya zauna a ƙasa.

"Malam, wa ya sa ka wannan aiki?"

"Ba kowa. Zaman banza ne."

"Zaman banza? Ai malaminmu ma ba shi da rabin wannan! Ka ara min uku kawai, na gama."

Basiru ya zaro uku ya riƙe. Mutumin da bai taɓa hana kowa ko allura ba, sai na ga bai miƙa ba. Ya daɗe yana kallon rubutunsa kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya mayar da su, ya rufe akwatin.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Ka dawo da damina, ni da kaina zan kai ka gona. Waɗannan akwai mai su."

"Wa ke nan?"

"Wani ɗalibi ne," in ji Basiru. "Litinin zai kai fom ɗinsa."

Na tashi na fita zaure, don ba na son taubashi ya gan ni da ƙwalla.