Gyaran da Purobizar Ya Yi wa Madubin Leza

A duk shekarun da na yi ina kula da ɗakin gwaji na wani lise, wato babbar sakandare, a yankin Buza, akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba.

Wata ƙungiya ce ta aiko mana da kayan koyar da ilimin haske. Mafi daraja a ciki mariƙin madubi ne: zobba biyu na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, madubi a tsakiya. Zoben ciki yana juya madubin sama da ƙasa, na waje dama da hagu, tsakiyarsa kuwa ba ta barin wurinta. Kowane zobe da ɗan bis ɗinsa, wato ƙusa mai murɗi, da ake murzawa da yatsu biyu. Ka taɓa shi kaɗan, ɗigon hasken leza ya matsa a bango gwargwadon ƙwayar gero.

Aka ce ansifekta, mai duba makarantu, za ta zo daga Tawa ta ga ko mun iya amfani da kayan. In ba mu iya ba, a kwashe su zuwa Madawa, ɗalibanmu su ci gaba da ganin haske a zanen alli. Kwana uku ina saita madubin kafin ɗigon ya tsaya kan alama.

Da safiyar zuwanta na fita neman man gurup, injin ba da wuta, don kuran ɗinmu, wato lantarkin gari, ba abin dogaro ba ne. Na dawo na iske purobizar, wato shugaban makaranta, wanda tarihi ya karanta, tsaye gaban teburin madubin da pansa, ƙarfen nan mai haƙora na matse ƙusa, a hannu.

"Malam Idi, Allah ya so ka na shigo," in ji shi. "Abin ga duk ya saki, ko'ina motsi shikai. Na ɗaure maka shi. Madubin ma na goge."

Da hannun rigarsa ya goge, madubin da ko numfashi ba a so ya taɓa.

"An gode, Mushe Purobizar," na ce, da irin ladabin Faransanci. Shi ke sa hannu a takardar ƙarin girmana.

Ansifekta ta iso, ɗalibai suka cika ɗaki, na kunna leza. Ɗigon ya haye rufi ya baje kamar tabon miya. Na murza bis, ya ƙi motsi. Purobizar ya gyara murya. "Madam, kun san ma'aikatan ƙauye, sai a hankali."

Ita ko kimiyya ta karanta. Ta duƙa ta dubi sawun haƙora a kan bis, ta dubi pansar da ke leƙowa daga aljihunsa.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Purobizar ya shiga nazarin tagogi.

"Madam, ƙila hanya ce," na ce. "Kun san duwatsun Buza."

"Lalle," ta ce. "Hanyarku na da haƙora."

Ta bar mana kayan. A rahoto ta rubuta cewa sun lalace wajen ɗauko su, a aiko da canji, kuma a tura wanda ya fi bukata zuwa horo. Purobizar ya yi dogon tunani, ya zaɓe ni. Sati biyu na yi a Tawa ana koya mini kada in taɓa madubi da hannu. Shi kuwa daga baya aka ɗaga shi zuwa babban buro, wato ofishin ilimi, tare da yabo kan kula da kayan makaranta.

Ku sababbin shiga wannan aiki, kada ku ɗauka don ɓarawo ake sa wa ɗakin gwaji kwaɗo. Ɓarawo ya san darajar kaya, a hankali yake ɗauka. Wanda za ku ji tsoro shi ne babba mai son taimako.