Hancin Mai Roba

A ƙarshen layin masu kayan girki, inda kwata ta lanƙwasa, akwai wata rumfa da fararen bokitai suka cinye wa ƙofa. Mai ita dattijo ne siriri, kuma duk kasuwar Malam Hanci take ce masa. Ba girman hancin ne ya jawo ba, don ɗan tsut ne ma. Aikin da yake yi ne ya saya masa sunan.

Tsofaffin robobi yake sayarwa. Ana kawo masa su a buhu daga gidajen burodi da shaguna: na bota, na madara, na man gyaɗa. A cikinsu kuma sai a cakuɗo na fenti da na maganin ƙwari, duk an wanke, an ɓare takardun jikinsu, ido ba ya raba su. Shi kuwa tun yana saurayi ya samo dabararsa. Zai zuba ruwan zafi kaɗan, ya rufe, ya ajiye a rana gwargwadon a sha shayi kofi ɗaya, sannan ya ɗaga murfin ta gefe ya kai hanci. Roba in ta ji zafi ba ta da rufin asiri, duk abin da ta taɓa sha sai ta faɗa. Mai tsabta ta tafi hannun dama. Wadda ta faɗi jarrabawa, sai ya gasa ƙusa ya yi mata huji uku a gindi, ta koma ta shara ko ta shuka, don ko mai taurin kai ba zai zuba abinci a ciki ba.

Ga shi da baki. Ka zo sayen roba ɗaya, ka tafi da wa'azi uku. Kada a rufe ta da danshi. Kada a dirje ta da soson ƙarfe, don a cikin ƙarzar maiƙo yake maƙalewa. Miya mai tafasa a ba kwanon silba, yaji da gishiri a ba kwalba. Sau nawa ya kora ciniki da bakinsa zuwa rumfar maƙwabcinsa mai silba! Duk da haka da wannan rumfa ya reni 'ya'ya biyar, kuma bai taɓa kwana da fargabar abin da ya sayar ba.

Bara wata muguwar mura ta kwantar da shi mako biyu. Da ya tashi, tari ya tafi, zazzaɓi ya tafi, hanci ma ya bi su. Ya shinshina albasa, shiru. Ya shinshina kananzir, kamar ruwan randa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, bai faɗa wa kowa ba. Mutumin da sunansa ma Hanci, in ya ce hancin ya mutu, wa zai sake sayen bokiti a hannunsa? Ya yi ta sayar da waɗanda ya riga ya tantance, sababbi suna ta taruwa a bayan rumfa, yana jiran sauƙi.

Wata Litinin da hantsi sai ga Hajiya, shugabar masu girki a makarantar firamaren unguwa. Yara ɗari biyu suke ci daga tukunyarta, kuma shekara ashirin a wurinsa take saye.

"Malam, manya uku nake so. Biyu na jiƙa wake, ɗaya na dama wa yara madara. Yi sauri, na bar wuta."

Tantattu sun ƙare tun jiya. Ya jawo uku daga bayan rumfa, ya zuba ruwa, ya rufe, ya jira. Ya ɗaga murfi, ya lumshe ido yadda ya saba, ya ja numfashi. Bai ji komai ba. Ya gyaɗa kai.

"Lafiya lau, Hajiya."

Ta ɗora su a ka ta tafi, ko leƙa cikinsu ba ta yi ba.

Ya koma benci ya zauna. Shayinsa ya huce a hannu. Da ta leƙa ma, da ya ji dama-dama. Rashin leƙawar ne ya tsaya masa a wuya. Kunya ta rufe shi har ya ji bencin yana ƙona shi. Ya miƙe, ya ce wa mai silba ya sa masa ido a rumfa, ya jefa ƙusarsa a aljihu, ya hau keke.

Ya tarar da kicin ɗin ya cika da hayaƙi, Hajiya da abokan aikinta biyu suna tsince wake a faranti. Bokitan suna jere a bakin famfo, an ɗauraye su.

"Hajiya, don Allah kada a zuba komai a ciki." Yana haki, ya cire hula. "Ƙarya na yi miki. Hancina ya mutu tun murar nan. Ban ji komai ba ɗazu."

Ta ajiye faranti, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wato Malam, kai ma ka iya ƙarya?"

"Yau na fara, kuma ba ta karɓe ni ba."

Ya roƙi ruwan zafi, ya nuna musu yadda ake yi. Aka kai bokitan rana, aka jira. Hajiya ta ɗaga na farko, ta ce bota. Na biyu ma bota. Da ta ɗaga na uku sai ta ja baya tana atishawa, idonta ya kawo ruwa.

"Innalillahi! Maganin ƙwari ne. Wannan fa shi na ware wa madara, don ya fi su haske."

Ya gasa ƙusar a bakin murhu, ya huda bokitin sau uku. Ya san kafin la'asar labari ya zagaye kasuwa, ya kuma san shi ya jawo wa kansa.

Hajiya ta goge ido da bakin mayafi.

"Shekara ashirin muna aron hancinka, ko na gode ba mu taɓa cewa ba. To yanzu kai ka ari namu. Mu uku ne, hanci uku, kuma Asabar ba makaranta. Ka tanadi benci da shayi, mai sukari sosai."

Ya rufe fuska da hularsa, dattijo guda, a tsakiyar kicin ɗin mata.

Hancin bai dawo ba har yau. Duk Asabar matan nan uku suna zama a gaban rumfar, shi yana zuba ruwa, su suna yanke hukunci, suna masa tsiya a kan shayin. Duk wanda ya zo saye kuma da bakinsa yake faɗa masa cewa hancinsa ya yi ritaya. Wasu sun daina zuwa, da yawa ba su daina ba.

In hanya ta bi da shi ta makarantar lokacin da aka fito cin abinci, yakan sauka daga keke ya tsaya a jikin katanga. Kunnensa dai lafiyarsa lau. Yakan daɗe yana sauraron ihun yaran nan ɗari biyu, yana gode wa Allah da ya aiko masa da kunya a kan lokaci.