Ɗakin da Isyaku Ya Zaɓa

Duk wanda ya saba hawa motar ma'aikatan Challawa ya san Malam Isyaku, domin warin jima yakan riga shi shiga. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ya kama aiki a wani kamfanin fata, yana jan ƙirgi daga wannan kwarami zuwa wancan, har furfura ta cim masa a wurin. Ba ya zaman majalisa, shayi ma sai an saya masa. Abokan aiki na ce masa marowaci, shi kuwa abu ɗaya ya sa a gaba, ya samar wa matarsa Binta da yaransu gida na kansu.

Sai kamfanin ya rage ma'aikata, aka ba shi kuɗin sallama. Ana cikin haka aka sayar da gidan da suke haya. Sabon mai gida bai tsaya dogon zance ba, ya turo kafinta ya yaye kwanon ɗakin maƙwabta, ya ce saura nasu. Ga damina ta kawo kai, ga yara biyar.

Wani dillali, Abdulbaƙi, ya kai shi wani tsohon gida a Sharada, bayan katangar wata masana'anta. Daga waje sabon fenti sai ƙyalli yake. Isyaku ya doshi ƙofar ciki, dillali ya sha gabansa.

"Haba Malam, gidan matan aure ne fa. Iyakarmu zaure."

Haka muke cutar kanmu. Mutum zai buɗe bakin akuya ya duba haƙori kafin ya biya, amma gida sukutum sai ya saye shi daga zaure. Isyaku ya tura Binta ta gano masa. Aka yi mata shimfiɗa, aka kawo kunu, aka gaisa. To wa zai sha kunun mutane kuma ya tashi yana ɗaga musu labule? Ta fito ta ce gida lafiya lau. A ranar ya ba da kafin alƙalami mai tsoka, wanda dillali ya ce ba a mayarwa.

Amma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya nemo injiniya, mai sayar da gidan ya rantse namiji ba zai shigar masa gida ba. Isyaku ya yi ta faɗi-tashi, ya rame, har aka haɗa shi da Shifa'u, 'yar wani abokin aikinsa, wadda ta karanta harkar gini. Ita kam ba mai hana ta shiga.

Ta shiga da abin awo da 'yar guduma. Yana zaune a zaure yana jin ƙwanƙwasarta. Ta daɗe kafin ta fito, hijabinta duk ƙasa, ta durƙusa.

"Baba, gidan nan na ƙasa ne, yaɓen siminti kawai aka yi masa. Ruwan kwatar masana'anta ya cinye gindin bangon baya. Bayan durowa akwai tsagar da hannuna ya shige. Ɗaki ɗaya kuma a kan tsohuwar masai aka ɗora shi, daɓen har ya fara lotsawa."

"Ba ya gyaruwa?"

"Sai dai a rushe a sake."

Isyaku ya shiga lissafi. Wallahi abin tausayi, ƙaton mutum da ya saba saɓa ƙirgin bijimi, yau ga shi a tsaka mai wuya. In ya fasa, abin da ya rage ba zai sayi ko fili ba. In ya koma gida, kafinta na jira. Daga gabas aka fara cida.

"Wane ɗaki ne zai fara faɗuwa?"

"Baba, don Allah kada ku saya."

"Na ji, 'yata. Wanne ne zai fara?"

Idonta ya kawo ruwa. "Na ƙurya, na hannun hagu."

"Na gaba fa?"

"Wataƙila ya kai baɗi. Ban yi muku alkawari ba."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya leƙa waje ya yafito dillali.

"A kira shaidu," in ji shi. Sannan ya juyo wajen Shifa'u ya rage murya. "Binta da yara su shiga na gaba. Na ƙuryar ni zan kwana a ciki. In ta tambaye ki, ki ce ya fi iska."