Wadda Ta Ari Hannun Makaniki

Maƙwabcinmu makaniki, mai hannu kamar faranti, yana jiran kayan gyara a masana'antar injin ban ruwa. Ga wata siririyar injiniya gaban kwamfuta, tabarau a kan hanci, takalmi ɗaya a cire. Tana gwada zaro matatar mai a zanen sabon inji da ke kan allon, matatar tana karo da bututu. Ta yi tsaki, ta matsar da bututun.

Sai ta waiwayo. "Baba, ara mini hannunka in auna. In naka ya shiga, na kowa zai shiga."

"'Yar nan, zagi ne ko yabo?"

Yana miƙa yatsun da matsatsin injuna ya daddatse, yana sa mata albarka a zuci. Wannan, ya ce a ransa, ko tantama babu 'yar makaniki ce, ta sha ɗaure wa ubanta yatsa.